Mai Algaita a Bakin Waya: Ziyara Zuwa Filin Dagar Somme

Yankin Somme da ke arewacin Faransa ƙasar noma ce shimfiɗaɗɗiya, mai 'yan tuddai marasa tsawo, inda ake shuka alkama da dankali da wani tushe mai kama da gwaza wanda ake tatsar sukari daga gare shi. Ko baƙon da bai san komai game da tarihin wurin ba zai lura cewa maƙabartu sun yi yawa a tsakiyar gonakin, domin da ƙyar mota za ta yi tafiyar 'yan mintoci ba ta wuce wata katanga da fararen duwatsu suka yi sahu a cikinta ba. A nan ne sojojin Birtaniya da na Faransa suka gwabza da na Jamus daga ranar 1 ga Yuli zuwa 18 ga Nuwamba na 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma waɗanda aka kashe ko aka raunata ko aka kama daga ɓangarorin biyu sun haura miliyan ɗaya. Mutum ɗaya daga cikinsu ne ya kai ni can, wani saurayi mai suna James Richardson, wanda aka haifa a Sikotlan, ya yi ƙaura zuwa Kanada, sannan ya dawo Turai cikin kayan soja ya mutu yana da shekara 20.

Aiki ne ya kai ni Faris a watan Oktoba, kuma da na sami sarari sai na hau jirgin ƙasa zuwa birnin Amiens, tafiyar da ta ɗan haura awa ɗaya. A tasha ɗan ƙanwata ya tarbe ni, wanda ya tashi a Maraɗi kuma yake karatun jami'a a garin. Shi ya samo mana mota, shi ya tuƙa, kuma shi ya yi mini tafinta a duk inda Faransanci ya zama dole. Mun nufi garin Albert, mai nisan kimanin kilomita 30, wanda ya kasance sansanin sojojin Birtaniya a bayan fagen fama. Ba mu daɗe a can ba, mun dai ga babbar majami'ar garin da aka sake ginawa bayan igogi sun rushe ta, sannan muka kama hanyar Bapaume, wadda ta miƙe sambal tun zamanin Rumawa, kuma wadda aka zubar da jini a kan kusan kowane taku nata.

A ƙauyen La Boisselle muka fara tsayawa, inda akwai wani ƙaton rami mai faɗin kusan mita 90 da ake kira Lochnagar. Sojojin Birtaniya ne suka haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa gindin sansanin Jamusawa, suka cusa nakiya wajen tan 27, suka tashe ta da safiyar ranar farko ta yaƙin. Manyan hafsoshi sun yi imanin cewa wannan nakiya da irinta, tare da ruwan harsasan igwa na mako guda, za su share hanya har sojoji su tsallaka cikin sauƙi. Kafin rana ta faɗi Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, kuma 19,240 daga cikinsu matattu ne.

Wanda yake son ya fahimci abin da ake nufi da ramin yaƙi, to ya je Beaumont-Hamel, domin a can ne aka bar filin yadda yake ba a mayar da shi gona ba. Ramukan sun yi ta karkacewa kamar yadda aka haƙa su da gangan, don kada harsashin da ya faɗa a wani sashe ya kashe na gaba, kuma ko da yake ciyawa ta rufe su, ƙasa kuma ta zaftare ta rage musu zurfi, da na sauka cikin ɗaya daga cikinsu sai na daina ganin komai ban da gefensa biyu da sama. A cikin irin wannan wuri mutane suka yi watanni suna ci suna kwana, ruwa ya kai musu gwiwa, ga ƙwarƙwata ga ɓeraye, ga gawawwakin abokansu da ba damar binnewa. Wata ɗaliba 'yar Kanada da ke yi wa baƙi jagora ta nuna mana tazarar da ke tsakanin ramin Birtaniya da na Jamus, wadda mutum zai taka da ƙafa cikin 'yan mintoci. A ranar farko ta yaƙin, bataliyar Newfoundland, yankin da yanzu yake cikin Kanada, ta fito da mutum kimanin 800 don ta ratsa wannan tazara, kuma washegari 68 ne kawai suka amsa kiran suna. Har yanzu akwai wuraren da aka killace da waya aka hana shiga, saboda harsasan da ba su fashe ba suna nan kwance a ƙasa, tumaki ne ake saki su riƙa cinye ciyawar.

An haifi James Richardson ranar 25 ga Nuwamba, 1895, a Bellshill, garin ma'adinin kwal da masana'antar ƙarfe kusa da birnin Glasgow. 'Yan shekaru kaɗan kafin yaƙin iyalinsa suka bi sahun dubban 'yan Sikotlan da ke tsallaka teku don neman rayuwa mai sauƙi, suka sauka a lardin British Columbia da ke can ƙuryar yammacin Kanada. Mahaifinsa ya zama shugaban 'yan sandan garin Chilliwack, shi kuma James ya kama aiki a Vancouver, ya kuma shiga ƙungiyar masu busa ta wata rundunar 'yan asalin Sikotlan da ke garin. Abin da yake busawa shi ne algaitar nan ta mutanen ƙasarsu mai jakar fata, wadda ake hura wa iska a matse ta a hammata, sautin ya riƙa fita ta bututu da yawa a lokaci ɗaya ba tare da yankewa ba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan matsayin irin wannan mutum a cikin runduna, domin sarakunanmu ma ba su fita yaƙi ba sai da masu algaita da tambari da kirari, waɗanda ba su riƙe da takobi amma su ne suke sa mai tsoro ya ji kunyar juyawa.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, James yana cikin na farkon da suka ba da sunansu, aka sa shi a Bataliya ta 16, wadda aka haɗa daga rundunonin 'yan Sikotlan na garuruwa huɗu. Ba shi kaɗai ba ne baƙo a cikinsu, domin fiye da rabin ayarin farko da Kanada ta tura mutane ne da aka haifa a Birtaniya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a dukan labarin. Samari ne da suka bar garuruwansu saboda ba su ga makoma a can ba, suka fara koyon sababbin tituna, suka fara tara ɗan abin da za su kafa gida da shi, amma da ƙasar da suka baro ta yi kira sai suka ajiye komai suka koma. James ya ga yaƙin Ypres na watan Afrilu 1915 a Beljiyam, inda Jamusawa suka fara sakin iskar guba mai yawa, ya tsira da ransa, ya kuma ci gaba da zaman rami har rundunar Kanada ta iso Somme a ƙarshen watan Agusta na 1916.

Daga Pozières muka saki babbar hanya zuwa Courcelette, ƙaramin ƙauye mai gidajen jan bulo, wanda 'yan Kanada suka ƙwace ranar 15 ga Satumba, ranar da aka fara shigar da tankokin yaƙi fagen fama a tarihi. Akwai wani dutse na tunawa da su a bakin hanya, kewaye da itatuwa, amma abin da na zo nema yana arewa da ƙauyen. Can ne Jamusawa suka haƙa wani dogon rami na kimanin kilomita 3, wanda 'yan Kanada suka laƙaba wa sunan Regina. Yau babu alamarsa a ido, gonaki ne kawai. Muka ajiye mota muka bi wata hanyar tarakta da ƙafa, kuma a nan na san irin ƙasar da aka yi yaƙin a kanta. An yi ruwa da dare, ƙasar kuwa laka ce mai haɗe da farin alli, wadda take manne wa takalmi tana taruwa har ƙafa ta yi nauyi, mutum ya tsaya ya kankare ta da tsinke, ya yi taku goma ta sake taruwa. Ni da ba na ɗauke da komai na gaji, balle wanda ya goya bindiga da harsasai da gurneti da shebur, a cikin duhun asuba, ana kuma harbinsa.

A gefen wata gona muka ga harsasan igwa guda biyu an jingine su a gindin sandar lantarki, sun yi tsatsa jawur, laka ta toshe bakinsu. Wani manomi da ke kusa da taraktarsa ya ɗaga mana hannu yana magana, ɗan ƙanwata ya ce mini, “Kawu, cewa yake kada ku taɓa, wai garma ce ta tono su, kuma masu kwance bama-bamai na gwamnati za su zo su kwashe.” Ya ƙara da cewa kowace shekara haka suke tonowa, wani lokaci har da maɓallan riga da ƙasusuwan mutane. Na tambaye shi ta bakin yaron ko ya san inda ramin ya bi, sai ya nuna mana da hannu wani layi da ya gangara bayan ɗan tudun da muke tsaye a kai. Wannan nuni ya warware mini abin da na karanta ban gane ba. Ramin yana bayan gangaren tudu ne, inda masu igogin Kanada ba sa iya hango shi sosai, saboda haka harsasansu suka riƙa wuce shi ko su faɗi kafin su kai, kuma wayar ƙayar da aka shimfiɗa a gabansa ta kasance a tsaye a wurare da yawa ba ta tsinke ba.

An riga an kai hari kan ramin ranar 1 ga Oktoba an kasa. Aka sake ba da umarni a kai wani ranar 8 ga wata, kafin ƙarfe biyar na asuba, cikin ruwan sama mai sanyi. Ba a sa James cikin waɗanda za su fita ba, shi ne ya nemi izinin kwamandansa ya raka kamfaninsu da busa, aka ba shi. Da suka isa bakin wayar sai suka tarar da ita a tsaye, wuta kuma ta buɗe musu daga cikin ramin, mutane suka yi ta faɗuwa, sauran suka kwanta a cikin ramukan da harsasai suka haƙa, zuciyarsu ta karye. Bayanin hukuma ya nuna cewa a wannan lokaci ne ya miƙe tsaye, ya riƙa kai da komo a gaban wayar yana busa cikin natsuwa kamar ba a harbi. Mutanen da suka kwanta suka tashi, suka auka wa wayar da ƙarfi har suka keta ta, suka shiga ramin. Daga baya aka umarce shi ya koma baya da wani abokinsu da aka raunata da kuma fursunonin da aka kama. Sun yi tafiyar yadi kimanin 200 sai ya tuna ya bar algaitarsa a can. An roƙe shi sosai kada ya koma, ya ƙi ji, ya juya, kuma daga nan ba wanda ya sake ganinsa da rai.

Wurin da suka kama ma bai daɗe a hannunsu ba, domin kafin yamma Jamusawa sun dawo da gurneti sun kore su, kuma 'yan Kanada sun yi asarar fiye da mutum 1,300 a wannan rana. Sai ranar 11 ga Nuwamba aka gama ƙwace ramin, bayan igogi sun daddake shi har ya zama ɗan kwari marar zurfi. Ba na iya karanta labarin jaruntar wannan yaro ba tare da na ji haushin waɗanda suka tura su ba. Sun ga abin da waya ta yi wa mutanensu a watan Yuli, sun sake gani mako guda kafin wannan hari, amma suka sake tura samari su je su tsinka ta da ƙirjinsu. Jaruntar da ake yabo a nan ta taso ne daga sakacin na sama, kuma ina ganin wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya bai yi wa matattun adalci ba.

Maƙabartar Adanac tana kan hanyar da ta tashi daga Courcelette zuwa Miraumont, ita kaɗai a tsakiyar gonaki. Bayan an gama yaƙi aka kafa ta, aka riƙa tattaro gawawwaki daga filayen da ke kewaye, har suka haura 3,000, kuma fiye da rabinsu ba a san sunayensu ba. A kan dutsen irin waɗannan an rubuta cewa sojan Babban Yaƙi ne wanda Allah ne ya san shi. A jikin ƙofar shiga akwai wani ɗan akwati na tagulla da ke ɗauke da littafin sunaye da littafin baƙi, kuma da shi muka gano layin da muke nema. A 1920 aka tsinci gawar James aka kawo ta nan, wato iyayensa sun yi shekara huɗu ba su san inda ɗansu yake kwance ba. Dutsensa daidai yake da na kowa a tsawo da faɗi, da ganyen nan na tambarin Kanada a sama, sai dai an sassaƙa masa hoton lambar Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a Birtaniya, wadda aka sanar da ba shi a watan Oktoba na 1918. Baƙi sun bar ƙananan tutoci da jajayen furanni na takarda a gindinsa, ruwan sama ya jiƙa su har launinsu ya zuba a kan ƙasa.

A nan muka yi saɓani da ɗan ƙanwata. Ya ce, “Kawu, ni fa ban ga hikimar komawar nan ba. Mutum ya tsira daga wuta, an ce masa ya tafi, sai ya koma saboda jakar fata da itace? Ai da an ba shi wata.” Na ce masa maganarsa tana da ƙarfi, kuma da ni ne uban yaron da abin da zan faɗa ke nan. Amma ina ganin wanda ya yi ƙaura yana riƙe abin da ya taho da shi daga gida da wani irin riƙo da zaunanne ba ya yi. A Vancouver wannan busa ce ta sama masa abokai, ita ta ba shi matsayi a cikin baƙin mutane, ita ce ta sa aka san ko shi ɗan ina ne. A cikin bataliya kuwa amana ce a hannunsa, kuma 'yan sa'o'i kafin nan ya ga da idonsa yadda ta ta da mutane daga ƙasa. Mai shekara 20 da ya ga haka ba zai ɗauke ta a matsayin kaya ba. Yaron ya saurare ni har na gama, ya ce shi dai har yanzu iyayen yake tausayi, ni kuma ban matsa masa ba, domin shi ne yake zaman baƙunta a ƙasar mutane, ya kuma fi ni sanin abin da ake jira daga wanda aka tura nesa.

Kafin mu koma mun biya ta Thiepval, inda aka gina wata ƙatuwar hasumiya ta bulo da dutse mai ɗauke da sunayen fiye da mutum 72,000 da suka ɓace a Somme ba a ga gawarsu ba. Na yaba da wannan himma ta ƙin barin sunan kowa ya ɓata, amma yabon ya zo mini da ɗaci. A wannan yaƙi dai sojojin Rundunar Nijeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun yaƙi Jamusawa a Garwa da Mora da Banyo cikin Kamaru, daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, tare da dubban 'yan dako da cuta da yunwa suka kashe a hanya. Su ma an raba su da gida, sun mutu a ƙasar da ba tasu ba. A 2021 hukumar da ke kula da waɗannan maƙabartu ta amince a wani rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000, ta kuma nemi gafara. Ban ga laifin dutsen da aka kafa wa James ba, ya cancance shi, sai dai samarinmu da suka faɗi a gindin dutsen Mora sun cancanci irinsa.

Algaitar da ya koma nema ta yi tata doguwar tafiyar. A 1917 wani limamin Kirista na rundunar Birtaniya ya tsinci wata karyayyar algaita cikin laka kusa da Courcelette, ya tafi da ita wata makaranta a garin Crieff na Sikotlan inda yake koyarwa, aka ajiye ta a cikin gilashi shekaru da dama ba wanda ya san mai ita. A farkon shekarun 2000 aka soma binciken zanen ƙyallen da aka lulluɓe jakar da shi, aka gano cewa irin wanda masu busar Bataliya ta 16 suke amfani da shi ne, kuma da aka haɗa wannan da wurin da aka tsince ta da sauran shaidu, masu binciken suka gamsu cewa ta James ce. A watan Nuwamba na 2006, shekara 90 bayan harin, aka miƙa ta ga lardin British Columbia, kuma tana nan a ginin majalisar dokokin lardin da ke birnin Victoria, inda duk mai son ganinta zai iya shiga ya gani.